Rikicin suna: Wa ke tantance kalmomin da ake neman bayanai da su a intanet?

A watan Fabrairun 2025, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke cikin mafiya girma a duniya, ya sauya wasu sunaye biyu a kundin kalmomin da yake amfani da su wajen rarraba littattafai. Mashigin Tekun Meksiko ya koma Mashigin Tekun Amurka, yayin da dutsen Denali da ke jihar Alaska ya koma dutsen McKinley.

Matakin ya biyo bayan umurnin da shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu ranar 20 ga watan Janairun 2025, wato ranar da ya sha rantsuwar kama aiki karo na biyu. Ɗakin karatun ya kafa hujja da cewa a bisa al'ada yana bin sunayen da hukumar kula da sunayen wurare ta gwamnatin Amurka ta amince da su. Sai dai ma'aikatan ɗakunan karatu da dama sun koka da cewa lokacin da aka ba su domin su bayyana ra'ayinsu bai taka kara ya karya ba, idan aka kwatanta da makonnin da aka saba bayarwa.

A cikin wannan watan ne kuma kamfanin Google ya sauya sunan a taswirarsa: wanda ke Amurka yana ganin sabon sunan, wanda ke Meksiko yana ganin tsohon, sauran jama'ar duniya kuma suna ganin duka biyun. Fadar White House ta hana wakilan kamfanin dillancin labaru na AP shiga wasu tarukanta saboda ya ƙi barin tsohon sunan, kana a watan Mayun 2025 shugabar Meksiko, Claudia Sheinbaum, ta sanar da cewa ƙasarta ta kai Google ƙara.

Mai kallon lamarin daga nesa zai iya ɗaukarsa a matsayin taƙaddamar siyasar Amurka kawai. To amma kundin da aka taɓa yana ƙunshe da kalmomi fiye da 300,000, kuma dubban ɗakunan karatu a sassan duniya, har da na jami'o'i da dama a Najeriya, suna amfani da shi ne wajen tsara fihirisar littattafansu, wadda a yanzu akasari a intanet ake duba ta. Rikicin ya fito da wani aiki da ba kasafai mai karatu ke lura da shi ba, wato aikin zaɓen kalmar da za a ajiye kowane bayani a ƙarƙashinta.

Mene ne ƙayyadaddun kalmomi?

Abin da masana ilimin adana bayanai ke nufi da ƙayyadaddun kalmomi shi ne wani jerin kalmomi da wata hukuma ko wani shafin intanet ya amince da su tun da farko, ta yadda duk labarin ko rahoton da aka wallafa, daga cikin wannan jerin ne za a zaɓo masa laƙabi. Mai maƙala laƙabin ba shi da damar ƙirƙiro kalma daga kansa. Idan yana ganin akwai buƙatar sabuwa, sai ya gabatar wa masu kula da jerin su duba.

Matsala ta farko da tsarin ke magancewa ita ce ta abu ɗaya mai sunaye da yawa. Wani zai rubuta kwalara, wani amai da gudawa. Wani zai ce foliyo, wani shan inna. Mutumin Kano zai ce ECOWAS, mutumin Maraɗi ya ce CEDEAO, alhali ƙungiya ɗaya suke nufi. Idan shafi ya dogara ga kalmomin da marubuta suka rubuta kawai, wanda ya nemi kwalara ba zai ga rahoton da aka rubuta da amai da gudawa ba. Jerin ƙayyadaddun kalmomi yakan zaɓi ɗaya ta zama jagora, ya ɗaure sauran a jikinta, ta yadda duk wadda mutum ya rubuta, wuri ɗaya za a kai shi.

Matsala ta biyu ita ce ta kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa. Manomin da ke neman labarin fari, wato ƙarancin ruwan sama, zai iya cin karo da duk wani rubutu da aka ce “tun da fari” ko “farin kaya” a cikinsa. Haka nan gari na iya zama birni, yana iya zama na tuwo. Laƙabin da aka ƙayyade ma'anarsa shi ke raba wannan gardama.

Aiki na uku shi ne nuna dangantaka. A jerin da aka tsara da kyau, sankarau yana ƙarƙashin cututtuka masu yaɗuwa, su kuma suna ƙarƙashin kiwon lafiya. Wannan ne ke ba shafi damar haɗa wa mai karatu dukkan labarun da suka shafi fanni guda, ko ya nuna masa wasu masu alaƙa da wanda yake karantawa.

Girman matsalar ya fito fili a wani bincike da George Furnas da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1987. Sun gano cewa idan aka ce wa mutum biyu su raɗa wa abu ɗaya suna, damar da za su zaɓi kalma iri ɗaya ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Ma'ana, a mafi yawan lokuta kalmar da mai ajiye bayani ya zaɓa ba ita ce mai nema zai rubuta ba.

Sana'a mai tsohon tarihi

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ɗaliban ilimin addinin Musulunci sun san ta ko da ba da wannan suna ba. Duk wanda ya karanta Risala ko Muwaɗɗa ya san cewa hukuncin taimama a babin tsarki ake nemansa, na nisabi kuma a babin zakka. Malaman fiƙihu sun daidaita a kan tsarin babi-babi wanda ya sa ɗalibi zai buɗe littafin da bai taɓa gani ba, ya doshi inda mas'alarsa take. A birnin Bagadaza kuma, a shekara ta 987 Miladiyya, Ibn al-Nadim ya tsara littafinsa al-Fihrist, inda ya kasa littattafan da ya sani kashi 10 bisa fannoninsu.

Ayyukan malamin nan na Masar, Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, sun nuna bambancin hanyoyin nema guda biyu da har yau ake muhawara a kansu. Littafinsa al-Mu'jam al-Mufahras na 1945 ya jera kalmomin Alƙur'ani bisa tushensu, wanda ya san lafazi sai ya sami ayar. Shi kuwa Miftah Kunuz al-Sunna, wanda ya fassara zuwa Larabci a shekarun 1930 daga aikin wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Wensinck, ya tattara hadisai ne bisa maudu'i, wanda ya san mas'ala sai ya sami hadisin ko da bai san lafazinsa ba. Na farkon ya yi kama da abin da injin bincike ke yi, na biyun kuma shi ne aikin ƙayyadaddun kalmomi.

A Amurka, Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na rarraba littattafai da lambobi a 1876, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki kuma ya fara tara nasa kalmomin a 1898. A 1960 Ɗakin Karatun Likitanci na ƙasar ya fitar da kundin MeSH, wanda a yau ke da manyan kalmomi kusan 30,000, kuma da shi ake rarraba akasarin maƙalolin da ke rumbun PubMed mai ɗauke da bayanan maƙaloli fiye da miliyan 35. Likitan da ke Zariya ko Damagaram, idan ya nemi binciken da aka yi kan wata cuta a wannan rumbu, wannan kundi ne ke haɗa masa sunayen cutar daban-daban a wuri guda.

Yadda intanet ta yi watsi da tsarin, ta kuma dawo masa

Da farkon intanet an yi ƙoƙarin bin sawun ɗakunan karatu. Shafin Yahoo da Jerry Yang da David Filo suka kafa a 1994 ya soma ne a matsayin fihirisa, inda ma'aikata ke duba shafuka ɗaya bayan ɗaya suna sanya kowanne a rukuninsa. A 1995 wasu masana suka taru a garin Dublin na jihar Ohio, suka fito da wasu 'yan gurabe da kowane shafi zai cike game da kansa, kamar suna da marubuci da maudu'i da harshe, waɗanda daga baya suka zama 15.

Abubuwa biyu ne suka karya wannan yunƙuri. Na ɗaya, shafuka sun yi yawan da hannun ɗan Adam ba zai iya bi ba. Na biyu, masu neman jawo jama'a zuwa shafukansu sun riƙa cusa kalmomin da ba su da alaƙa da abin da suka wallafa. Da Google ya bayyana a 1998, ya dogara ne ga kalmomin da ke cikin rubutun kansa da kuma yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi, kuma a 2009 kamfanin ya fito fili ya ce ba ya la'akari da gurbin da masu shafuka ke zuba kalmomin neman. Ita ma fihirisar Yahoo an rufe ta a ƙarshen 2014.

A tsakiyar shekarun 2000 sai wata sabuwar hanya ta yi tashe, wato barin jama'a su maƙala laƙabin da suka ga dama, kamar yadda shafin hotuna na Flickr ya yi. A 2007 Chris Messina ya ba da shawarar amfani da alamar # a Twitter. Tasirin wannan hanya ba ɓoyayye ba ne ga 'yan Najeriya, waɗanda suka ga yadda #BringBackOurGirls ya karaɗe duniya a 2014, da #EndSARS a 2020. Babu wata hukuma da ta amince da waɗannan kalmomi kafin su yaɗu, kuma a nan ne ƙarfinsu yake. Rauninsu kuwa shi ne, harafi ɗaya idan ya bambanta sai zance ya rabu biyu, kuma kowa na iya hawa kan maudu'in ya tallata hajarsa.

Saboda haka manyan shafuka suka koma ga tsohuwar dabara cikin sabuwar riga. A 2009 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da wani mizani mai suna SKOS, wanda ke ba kundaye daban-daban damar fahimtar juna. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, BBC ta buɗe shafuka fiye da 700 na 'yan wasa da ƙungiyoyi da rukunoni, adadin da editoci ba za su iya kula da shi da hannu ba. Abin da ɗan jarida ke yi shi ne ya maƙala wa labarinsa sunan ɗan wasa daga jerin da aka tanada, kwamfuta kuma ta san ƙasarsa da rukuninsa, sai ta kai labarin duk inda ya dace. A shekarar ce kuma majalisar IPTC ta kamfanonin dillancin labaru ta fitar da jerinta na maudu'an labaru, wanda yanzu ya haura kalmomi 1,200. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo, duk da gasar da ke tsakaninsu, suka haɗa kai suka kafa schema.org, wani kundi na bai ɗaya da masu shafuka ke amfani da shi wajen shaida wa injin bincike cewa wannan labari ne, wannan girki ne, wannan kuma sanarwar aiki ce.

Suna linzami

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma tarihin waɗannan kundaye ya tabbatar da hakan. Tun da dole ne a fifita kalma ɗaya a kan sauran, wanda ke riƙe da jerin yana riƙe da wani iko.

A 2014 wasu ɗaliban kwalejin Dartmouth a Amurka suka nemi Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ya daina amfani da wani laƙabi da ke kiran baƙin haure da sunan da ke nuna cewa su kansu haramtattu ne. A watan Maris na 2016 ɗakin karatun ya amince zai sauya, amma 'yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai suka tashi tsaye, suna cewa kalmar tana cikin dokokin ƙasar, har aka kai ga kaɗa ƙuri'a a kan batun. Sai a watan Nuwamban 2021 aka yi sauyin, inda aka raba laƙabin biyu: ɗaya na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ɗaya kuma na shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Wancan sauyi ya ɗauki shekara 7, na mashigin teku kuwa bai cika wata ɗaya ba, abin da masu suka ke nunawa a matsayin shaidar inda ƙarfi ya karkata.

Ga Musulmi, misalin da ya fi kusa shi ne na tsarin Dewey, wanda ake amfani da shi a ƙasashe fiye da 130. Tsarin ya ware wa addini lambobi daga 200 zuwa 299. Daga 220 zuwa 289 na Baibul ne da addinin Kirista, sauran addinan duniya kuma aka cusa su tsakanin 290 da 299. Musulunci, mai mabiya kusan biliyan 2, ya sami lamba 297, wadda yake tarayya da Baha'iyya a cikinta, kuma a bugun farko ba a ma kira shi da sunansa ba, an jingina shi ne ga sunan Annabi (SAW) kamar yadda Turawan wancan zamani suka saba. Sakamakon haka tafsiri da hadisi da fiƙihu da tauhidi da sira duk suna cunkushe a bayan lamba guda. Wannan ne ya sa ɗakunan karatu a ƙasashen Larabawa suka yi wa tsarin kwaskwarima suka ba Musulunci lambobin da suka fara daga 210, na Indunusiya kuma suka faɗaɗa 297 da nasu tsarin.

A wasu wuraren lamarin ya wuce batun littattafai. A ƙidayar jama'a ta 2014, gwamnatin Myanmar ta hana Musulmin jihar Rakhine rubuta kansu da sunan Rohingya, ta dage sai dai a kira su Bengali, sunan da ke nuna cewa baƙi ne daga Bangladesh. Mutane fiye da miliyan 1 ne ba a ƙidaya ba a jihar. Haka kuma Iran ta daɗe tana takun saƙa da maƙwabtanta Larabawa kan sunan Tekun Fasha, har ta yi barazanar kai Google ƙara a 2012 saboda ya bar wurin babu suna a taswirarsa.

Masu kare tsarin suna da tasu hujjar. Suna cewa a kundin da aka tsara bisa ƙa'ida ba a share tsohon suna, ana barinsa ne a matsayin manuni zuwa ga sabon, don haka wanda ya rubuta Tekun Meksiko zai isa ga littattafan da yake nema. Suna kuma cewa tun da a rubuce jerin yake, ana iya ganin son zuciyar da ke cikinsa a ƙalubalance shi, saɓanin lissafin injin bincike wanda kamfani ke ɓoyewa. Masu suka kuwa na cewa kalmar da ke bayyana a saman shafi ita ce ɗalibi ke ɗauka a matsayin sunan gaskiya, ko da an bar ɗayar a bayan fage.

Ina Hausa ta tsaya?

Matsalar ta fi tsanani ga mai nema da Hausa, saboda dalilan da suka shafi rubutun harshen. Shekaru da dama na'urori ba su da haruffa masu lanƙwasa, kuma har yau da yawan masu rubutu ba sa sanya su. Ga kwamfuta, ƙasa da kasa kalmomi ne biyu daban, kuma gaskiyarta ne, amma da yawa daga cikin masu rubuta ta farkon da siffar ta biyun suke rubuta ta. Baki da baƙi, kaya da ƙaya, duk haka abin yake. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, a Nijar kuma da harafi mai lanƙwasa, ƴaƴa.

Ga kuma sunayen wurare: Sakkwato da Sokoto, Damagaram da Zinder, Yamai da Niamey, Tawa da Tahoua. Ga sunayen mutane, inda Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mahamadou ke iya zama mutum ɗaya. Ga kalmomin aro, waɗanda a kudancin iyaka daga Ingilishi suke zuwa, a arewacinta kuma daga Faransanci, kamar yadda cuta mai karya garkuwar jiki ta zama AIDS ko ƙanjamau a wani gefe, SIDA a ɗaya gefen. Shafin da bai ɗaure waɗannan siffofi wuri guda ba, ya raba masu karatunsa gida biyu ba tare da ya sani ba.

Siyasar suna ma ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya. Shekaru ana muhawara kan yadda za a kira masu kai hare-hare a Zamfara da Katsina da Kaduna: 'yan bindiga, ko 'yan fashin daji, ko ɓarayin daji, ko 'yan ta'adda. A watan Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ayyukansu a matsayin ta'addanci, gwamnatin tarayya kuma ta wallafa hakan a hukumance a watan Janairun 2022. Editan da zai zaɓi laƙabin da za a tara labarun shekara goma a ƙarƙashinsa, yana yanke hukuncin da zai shafi yadda mai bincike na gobe zai fahimci rikicin: ko fashi ne, ko ta'addanci, ko rikicin manoma da makiyaya.

Ba za a ce babu tubalin gini ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966 da wani a Yamai a 1980. A 1990 aka wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Sai dai aikin ƙamus daban, na kundin ƙayyadaddun kalmomi daban. Ƙamus yana faɗin ma'anar kalma ne, shi kuwa kundin yana faɗin wadda za a fifita, da waɗanda ke daidai da ita, da abin da ke samanta da ƙarƙashinta, a siffar da kwamfuta za ta iya karantawa. Buƙatar irin wannan aiki ta ƙaru tun bayan da kundin tsarin mulkin wucin gadi na Nijar na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wata mafita da ta samu karɓuwa ita ce ba kowane abu lamba maimakon dogaro da suna. Rumbun Wikidata da aka buɗe a 2012 ya ba Najeriya lamba Q1033, Jamhuriyar Nijar kuma Q1032, sannan kowane harshe ya rataya nasa sunan a jikin lambar. A nan Hausa ta fi Ingilishi sauƙi, domin kalma ɗaya ce Ingilishi ke amfani da ita ga ƙasar da kogin da jihar, alhali Bahaushe ya bambanta Nijar da Neja. Haka kundin AGROVOC na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya yake aiki, inda ya tara ma'anoni fiye da 40,000 cikin harsuna kusan 40. Wannan hanya tana ba kowace al'umma damar ganin sunan da ta sani, amma sai idan masu harshen sun zauna sun shigar da kalmominsu.

Ko ƙirƙirarriyar basira za ta kawar da tsarin?

Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, wasu ke ganin zamanin jerin kalmomi ya wuce, tun da yanzu kwamfuta na iya gane cewa kwalara da amai da gudawa abu ɗaya ne ba tare da an gaya mata ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, musamman a harsunan da ke da tarin rubutu a intanet.

Amma abin da ya faru a fannin likitanci ya nuna wata alƙibla ta daban. A 2022 Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya miƙa wa kwamfuta aikin maƙala wa maƙaloli laƙabi, aikin da ƙwararru suka shafe shekaru suna yi da hannu. Sai dai kalmomin da kwamfutar ke maƙalawa daga kundin MeSH take ɗaukarsu, kuma mutane ne ke ci gaba da sabunta kundin kowace shekara. Injin ya karɓi wahalar aikin, amma hukuncin abin da za a kira kowace cuta ya rage a hannun mutane. Haka aka gani lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa sunan COVID-19 ranar 11 ga watan Fabrairun 2020, da kuma lokacin da ta sauya sunan ƙyandar biri na Ingilishi zuwa mpox a watan Nuwamban 2022 saboda ƙorafin ƙyama da wariya.

Bugu da ƙari, irin waɗannan manhajoji daga rubutun da suka tarar suke koyo. Harshen da rubutunsa ke da ƙaranci, kuma siffofin kalmominsa suka warwatsu, shi ne ya fi buƙatar jerin da zai shaida wa injin cewa Sakkwato ita ce Sokoto.

Abin da rikicin mashigin teku ya nuna shi ne cewa kundin da wata gwamnati ke riƙe da shi zai bi ra'ayin wannan gwamnati, komai yawan ƙasashen da suka dogara da shi. Ɗakunan karatu da dama a Amurka sun riga sun koyi darasi tun daga taƙaddamar 2016, inda suka riƙa karɓar bayanan littattafai daga Washington amma suna nuna wa masu karatunsu kalmomin da su suka zaɓa. Ga kafofin yaɗa labaru da jami'o'i da ma'aikatun da ke wallafa bayanai da Hausa, tambayar ita ce ko za su haɗa kai su tsara nasu jerin da zai game Najeriya da Nijar, ko kuwa kowa zai ci gaba da fassara na wasu yadda ya ga dama. Aikin na buƙatar kuɗi da ƙwararru da kuma hukumar da za ta riƙa sabunta shi, domin sababbin cututtuka da jam'iyyu da rikice-rikice ba sa daina bayyana, kuma kowannensu sai an raɗa masa suna kafin a iya nemansa.